Yadda ake shan askirim da ƙanƙarar Japan masu zuwa da lokaci, daga firizar shago har kwanon kakigori

Abu na farko da nake faɗa ma duk wanda Allah ya kai shi Japan, ko karatu ne ko aiki ko 'yar ziyarar sati biyu, shine in ka leƙa firizar shago yau ka ga wani askirim ya burge ka toh ka saya yau ɗin nan, kar ka ce sai jibi. A shekarata ta farko na ga wani na ɗanɗanon nashi, wani ɗan itace ne mai kama da tuffa amma ya fi ta ruwa, nace bari sai ƙarshen wata in kuɗi sun shigo, da na dawo babu shi babu alamarshi, an jera na dankali a gurbin, sai da shekara ta zagayo sannan na ɗanɗana. Haka mutanen suke, komai nasu da lokacinshi har abun sanyi, kamfanoni su fito da ɗanɗano na sati huɗu ko shida su janye, wani ya dawo baɗi wani kuma shikenan an rabu. Don haka ga yadda nake bi, mataki bayan mataki.

Matakin farko ka san watan da kake ciki, don shi zai gaya maka abun da zaka nema. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu komai ya koma ruwan hoda saboda furen sakura, kuma askirim ɗin sakura yana da ɗan gishiri-gishiri don ganyen da furen da gishiri ake jiƙa su, kar ka ɗauka ya lalace ne. Mayu lokacin sabon ganyen shayi ne sai ka ga na matcha sun yi yawa, matcha garin koren shayi ne mai ɗan ɗaci. Yuni suna da 'yar daminarsu da suke kira tsuyu, tana wucewa wajen tsakiyar Yuli sai zafi ya sauko, zafi mai gumi wanda ko kai da ka saba da ranar Sakkwato sai ka ji shi a jikinka saboda iskar a jiƙe take, toh a nan ne kasuwar ƙanƙara take ci, kankana, lemun tsami, soda, mangwaro. Satumba zuwa Nuwamba kaka ce, dankalin Hausa da kabewa da wani ƙwallon itace mai gari da suke kira kuri, kuma ni a gurina wannan ne lokacin da ya fi daɗi gaba ɗaya, askirim ɗin gasasshen dankali wallahi sai ka rantse gefen murhu kake zaune. Da hunturu kuma ba sa dainawa, sai dai su koma masu nauyi, cakulan da madara mai kauri da strawberry, mutum ya zauna ya tura ƙafa ƙarƙashin kotatsu, wani gajeren tebur ne mai hita da bargo, yana shan abunshi dusar ƙanƙara na zuba a waje.

Mataki na biyu ka haddace 'yan rubutu kaɗan, ba sai ka iya yaren ba, siffar kawai zaka riƙe kamar tambarin mota. Wanda ya fi muhimmanci shine 限定, ana karanta shi gentei, ma'ana an iyakance. In ka ga 期間限定 toh na ɗan lokaci ne, 季節限定 na wannan yanayin ne kawai, 数量限定 adadi aka ƙayyade in ya ƙare ya ƙare, 地域限定 kuma a wannan yankin kaɗai ake sayarwa. 新発売 sabon fitowa kenan. Ka ɗauki hotonsu ka ajiye a waya, kwana uku idonka zai fara tsinto su da kanshi.

Sai kuma ka juya bayan leda, akwai wani ɗan akwati da doka ta sa kowane kamfani ya rubuta ajin kayanshi, aji huɗu ne. アイスクリーム shine askirim na gaske, dole sinadarin madara ya kai kashi 15 cikin 100 kuma man madara ya kai kashi 8. アイスミルク na biye, kashi 10 da kashi 3. ラクトアイス madararshi kashi 3 ce zuwa sama kuma yawanci man tsirrai ake cikawa dashi, shi yasa yake da araha. Na huɗu 氷菓, hyoka, wannan ƙanƙara ce da ruwan 'ya'yan itace ko siga, ɗan'uwan ƙanƙarar zoɓo da ake ƙullawa a leda a gida. Amfanin sanin wannan shine kar ka biya kuɗi kana sa ran kauri ka tarar da ruwa, sannan ranar da zafi ya kai maƙura hyoka zaka nema, mai madarar nan ƙishi zai ƙara maka. Kuma in ka duba baka ga ranar lalacewa ba kar ka tsorata, dokar ƙasar ta yarda a bar ta ga askirim tunda a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ake ajiye shi.

Mataki na uku shine wanda nafi so a tsaya a kai, maganar halal, don yawancinmu abun da ke hana mu taɓa komai kenan, wasu kuma su ce ai askirim ne madara ce da siga me zai shiga ciki. Abubuwa suna shiga ɗan'uwa. Ka nemi layin da aka rubuta 原材料名 wato kayan haɗi, ka bi shi a hankali kana neman waɗannan. 豚 alade ne, ラード kitsen alade, ゼラチン jelatin wanda a can sau da yawa daga alade ake samo shi kuma yana yawan fitowa a masu jeli ko alawa mai taushi a ciki. Ɓangaren giya kuma harafin 酒 shine babban alama, zaka ganshi a 洋酒 da ラム酒 da 酒精, sai リキュール da アルコール da みりん. Askirim ɗin hunturu su suka fi wannan matsala, musamman na busasshen inabi da ake jiƙawa da giyar ram da masu kwaikwayon kek ɗin Turawa, sau da yawa ma kamfanin da kanshi zai rubuta gargaɗi a jikin murfi cewa akwai giya saboda yara da direbobi.

Mai wuyar sha'ani shine 乳化剤, sinadarin da ke haɗa mai da ruwa, kusan duk askirim ɗin kamfani yana da shi kuma zai iya zama daga tsirrai zai iya zama daga dabba. In an rubuta 大豆由来 a gefenshi toh daga waken suya ne hankali kwance. In ba a rubuta komai ba, akwai lambar waya ta kyauta a bayan leda ta ofishin sauraron masu saye, ka roƙi wani abokinka ɗan ƙasa ya kira ya tambaya, suna amsawa da gaskiya da ladabi, ni an sha yi mun haka. Wani abu da mutane ke kuskure, a jerin abubuwan da ke tada borin jini akwai waɗanda dole a rubuta kamar madara da ƙwai da alkama da gyaɗa, amma alade da jelatin suna cikin waɗanda aka shawarci kamfani ya rubuta ne ba tilas ba, don haka rashin ganinsu a wancan ɗan akwatin bai isa hujja ba, layin kayan haɗin zaka karanta. Kamarar wayarka tana fassarawa in ka haska, amma leda mai sheƙi da raɓa tana ruɗa ta, gara ka ɗauki hoto ka mayar da askirim ɗin ka rufe firizar sannan ka tsaya gefe ka karanta, kar ka bar murfi a buɗe mutane na jira. Hukuncin abun da ba a tabbatar ba kuwa wannan na malamai ne, akwai masallatai a Tokiyo da Kobe da Nagoya da sauran manyan garuruwa kuma 'yan'uwa 'yan Indonesiya da Malesiya da suka daɗe a can sun san kayan sosai, ka tambaye su. Kuma kayan haɗi suna canzawa, abun da ka sha bara ka sake dubawa bana.

In kana son farawa da abun da ba ruɗani, hyoka sun fi sauƙi don jerin kayansu gajere ne. Mataki na huɗu kenan, ka fara daga konbini, ƙananan shagunan nan da basa rufewa dare da rana, 7-Eleven da Lawson da FamilyMart. Yawanci ranar Talata suke jera sabbin kaya, don haka Talata da yamma ko Laraba da safe shine lokacin leƙa firiza, kuma ka leƙa duka ukun don kowanne yana da nashi da ba zaka samu a ɗayan ba.

Wanda zaka fara dashi Garigari-kun ne, shuɗin sanda mai hoton yaro da ƙaton baki, kamfanin Akagi Nyugyo na garin Fukaya a jihar Saitama ke yinshi tun 1981. Waje ƙanƙara ce mai santsi ciki kuma dakakkiyar ƙanƙara mai garas-garas, sunan ma daga ƙarar taunar ya fito. Shine sarkin fito da ɗanɗano na mamaki, a 2012 sun fito da na miyar masara da ainihin ƙwayoyin masara a ciki, mutane suka yi ta wawaso har aka dakatar da sayarwa cikin 'yan kwanaki don kamfanin ya kasa biyan buƙata, a 2013 suka yi na farar miyar madara da dankalin Turawa, a 2014 suka yi na taliya da tumatir wanda wannan kam bai karɓu ba sun yi asara. Abun da ya sa nake ganin girmansu, a 2016 da suka ƙara farashi daga yen 60 zuwa 70 bayan shekara 25 ba ƙari, shugaban kamfanin da ma'aikata suka jeru gaban masana'anta suka sunkuyar da kai a tallar talabijin suna ba jama'a haƙuri, akan yen 10. Irin waɗancan masu kwaikwayon miya in sun sake fitowa ka karanta bayansu da kyau don romon nama kan shiga. In ka gama sha kar ka yar da sandar sai ka duba, in an rubuta 当り ka ci, ka wanke ta ka kai shagon da ka saya su baka wani kyauta.

Na biyu Azuki Bar na kamfanin Imuraya da ke jihar Mie, tun 1973. Wake ne ja ƙanana da aka dafa da siga aka daskarar, nasan Bahaushe zai ce wake kuma da siga, mu da muka san shi a alale da ƙosai da garau-garau, amma ka daure ka gwada sau biyu, na farko baki zai yi gardama na biyu zai fara ganewa. Kayan haɗinshi kaɗan ne, wake da siga da ruwan alawa da gishiri, ba a hura mishi iska shi yasa yake da tauri kamar dutse, da gaske nake kar ka gatsa yana fitowa daga firiza, kamfanin ma yana gargaɗi akan haƙori, ka bashi minti uku zuwa biyar.

Na uku Yukimi Daifuku na Lotte, shima 1981, ƙwallo biyu na askirim da aka naɗe da mochi, wato tuwon shinkafa mai danƙo da aka murza ya zama siriri, da ɗan cokali mai yatsu a ciki. Shekara da shekaru da kaka da hunturu kawai ake sayar dashi sai a 2018 aka mayar dashi na duk shekara, amma har yanzu ɗanɗanon musamman suna zuwa suna wucewa. Shima ka barshi ya huce kamar minti biyar zuwa takwas har fatar ta fara jawuwa in ka ja, in ka ci shi da sanyinshi ka yi asarar rabin daɗin. Tsofaffi da ƙananan yara a yanka musu ƙanana don mochi yana maƙalewa a wuya.

Sauran ka bi su yadda suka zo. Suika Bar yankan kankana ne mai kusurwa uku da 'ya'yan cakulan a madadin ƙwallaye, da bazara yake fitowa. Papico na Glico kwalabe biyu ne a manne ka ɓalle ka ba na kusa da kai ɗaya. Pino ƙananan curin askirim ne masu rufin cakulan guda shida a kwali kuma wani lokacin ka ci sa'a ka samu mai siffar tauraro. Häagen-Dazs na Japan yana fitar da ɗanɗanon da babu su a wata ƙasa, a 2015 sun yi wani mai mochi a sama da garin kinako wanda shima sai da aka dakatar saboda ya ƙare da wuri, kinako soyayyen garin waken suya ne, ƙamshinshi na tuna mun da dakuwa. Shawarata ka sayi ɗaya-ɗaya kar ka cika kwando, in wani ya kama ka sai ka koma babban kanti washegari ka sayi na kwali, ya fi araha nesa ba kusa ba.

Mataki na biyar sai ka fita gari, a nan zaka haɗu da sofuto kurimu, askirim mai laushi da inji ke murɗowa kan mazubi. Kusan kowane gari yana mayar da abun da yake nomawa askirim, kuma a tashoshin hutawa na bakin hanya da ake kira michi no eki ake samun na ainihi. A Furano cikin tsibirin Hokaido akwai na furen labanda mai ruwan shunayya, Yuli ne lokacin da gonakin ke fure. A Azumino ta jihar Nagano akwai gonar wasabi, wani tsiro ne mai yaji da suke ci da abinci, da ke yin na wasabi, kore ne yajin kaɗan ne a ƙarshen harshe. Kanazawa, garin da ke yin kusan duk ganyen zinaren ƙasar, suna lulluɓe askirim da fallen zinare, gaskiya zinaren ba shi da ɗanɗano hoto kawai kake biya, sau ɗaya ya isa. Tsibirin Shodoshima na yin na miyar soya, wato baƙin ruwan nan mai gishiri da ake yi da waken suya, kamar alawar madara mai gishiri, amma ita miyar soya ana yawan ƙara mata 酒精 don haka ka tambaya. Hakodate akwai baƙi na tawadar wata dabbar ruwa da ake kira ika. Na baƙin riɗi kuwa ko'ina ka ganshi ka saya, ɗan gida ne a bakinmu, kamar kantu mai sanyi. A Okinawa na jan dankali beni imo yana da kyau, sai dai ka kiyayi duk wanda aka rubuta chinsuko, biskit ne na gargajiyarsu da kitsen alade ake yinshi kuma ana dagargaza shi cikin askirim. In ka bi ta Akita da bazara zaka ga tsofaffin mata a bakin titi ƙarƙashin lema suna sayar da babahera, ruwan hoda da rawaya, wasu su tsara maka shi kamar fure da ɗan cokalin ƙarfe, ka tsaya ka saya ko don ka ga hannunsu.

A irin waɗannan wuraren ba leda balle ka karanta, baki zaka buɗe. Ka nuna da hannu kace kore kudasai, a bani wannan. Osake wa haitte imasu ka, akwai giya a ciki. Buta wa haitte imasu ka, akwai alade. Zerachin wa, jelatin fa. In zasu tambaye ka kon ko kappu, mazubin biskit ko kofi, ni kofi nake zaɓa don biskit ɗin ma yana da nashi man da ban san asalinshi ba, ga shi baya ɗiga a riga.

Mataki na shida shine babba, kakigori, kuma in kwana ɗaya kawai kake dashi da bazara toh wannan zaka nema. Ƙanƙara ce ake fere ta da wuƙar inji ta zubo kamar auduga a zuba mata zaƙi. Tsohon abu ne, wata mata mai hidima a fadar sarki a Kiyoto ta rubuta shi cikin abubuwa masu daraja shekara 1000 da suka wuce, lokacin sai manya ke samun ƙanƙara da zafi. Alamar mai sayarwa ƙaramar tuta ce fara da jan harafin 氷 da shuɗin igiyar ruwa a ƙasa, kana ganinta ka san an fara. Har rana suka ware mishi, 25 ga Yuli, wadda ta dace da ranar da garin Yamagata ya kai digiri 40.8 a 1933.

Iri biyu ne kuma ka gwada duka. Na rumfunan biki da dare, inda ake wasan wuta, ƙanƙarar da ɗan garas a kofin takarda da ruwan zaƙi ja ko kore ko shuɗi, 'yan ɗaruruwan yen ne, kuma da yawansu zaƙin ɗaya ne kala da ƙamshi ne suka bambanta. Sai na shagunan da sana'arsu kenan, nan kwano ɗaya zai iya haura yen 1000 har ya doshi 2000, tulin ya kai kan jariri, ruwan zaƙin kuma daga ainihin 'ya'yan itacen lokacin ake dafawa. Wasu suna amfani da ƙanƙarar Allah, 天然氷, wadda ake tara ruwan dutse a tafki da hunturu a wurare irin Nikko da Chichibu ya daskare a hankali cikin makonni, a yanka da zarto a adana a rumbu a rufe da garin katako har bazara, masu wannan sana'ar 'yan kaɗan ne suka rage a ƙasar. Mai shagon kirki baya fere ƙanƙara tana fitowa daga firiza, sai ya barta ta fara gumi, shi yasa take fita sirara kuma bata sara maka kai kamar wadda muka sani.

In ka rasa me zaka zaɓa ka ce uji kintoki, matcha da dafaffen wake mai zaƙi, sau da yawa da 'yan ƙwallayen mochi farare, ka ce a ƙara rennyu wato madarar gwangwani mai kauri. Ko shirokuma na Kagoshima, madara da 'ya'yan itace da wake an jera kamar fuskar farar dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara, ana samun na kofi a konbini ma amma shi ka duba jelin ciki. In ka je Ise da bazara akwai Akafuku gori, matcha a sama mochi da wake a ɓoye a ƙasa. Garin Nara shima ya yi suna da shagunan kakigori. Waɗanda aka ɗora musu kumfa mai kauri a sama su ne zaka tambayi jelatin, don dashi wasu ke riƙe kumfar.

Shagunan da suka yi suna layi ne dasu, wasu tikiti suke rabawa da safe a rubuta maka lokacin dawowa, wasu sai ka yi rijista ta intanet, don haka ka je da wuri ranar aiki ba Asabar ko Lahadi ba, ka guji tsakiyar Agusta lokacin hutun Obon, ka riƙe tsabar kuɗi don ƙananan shaguna da yawa basa karɓar kati, kuma yawancinsu kowa sai ya sayi nashi kwanon, ba a haɗa baki uku a kwano ɗaya. In an kawo, hoto ɗaya ya isa ka fara, minti biyu na farko sune kakigori bayan nan ya fara komawa ruwa. Kar ka danna da cokali kar ka juya, daga sama gefe-gefe zaka riƙa ɗiba a hankali kana zagayawa don kar tulin ya rushe kan tire, in an baka ƙarin ruwan zaƙi a ɗan kofi ka ajiye shi sai ka kai tsakiya inda fari ya fi yawa. Abun da ya narke a ƙasa a ɗaga kwano a shanye, ba abun kunya bane. In sun kawo shayi mai zafi ka kurɓa tsakani, kuma ka shiga da 'yar riga ta sama don na'urar sanyaya ɗaki da tulin ƙanƙara in suka haɗu sai ka fito kana rawar ɗari a watan Agusta.

Abu na bakwai 'yan ladubba ne da zasu hutar da kai. Ba a son ci ana tafiya, ka tsaya gaban shagon ka gama ka ba mai shagon kofin ko ka sa a kwandonshi, don kwandon shara a titi wuyar samu gare shi, ni leda ƙarama nake yawo da ita a jaka. A jirgin ƙasa na cikin gari ba a ci, a Shinkansen mai dogon zango kuwa ana ci. In zaka zauna cikin konbini ka sha ka faɗa wajen biya, tun Oktoban 2019 harajin na tafiya dashi kashi 8 ne na zama kashi 10. In daga babban kanti ka saya gida da nisa ka tambayi dorai aisu, busasshiyar ƙanƙara ce, da yawa suna bayarwa kusa da wajen biya, kar ka taɓa ta da hannu tana ƙuna. Mai ciwon siga kuma ya san kwanon kakigori ɗaya da madara da wake ba ƙaramin siga bane, ya nemi ƙarami ko yace a rage zaƙi. Ni ina da ɗan littafi da nake rubuta sunan abu da wata da shagon da kuma ko na tabbatar da kayan haɗinshi, baɗi in ya dawo nasan wanda zan bi da wanda zan wuce.

Wanda kuma bai samu zuwa ba ko ya dawo gida yana kewa, kakigori ana iya kwatanta shi a Kano ko Zinder in dai akwai wutar da zata daskarar da ruwa. Ka tafasa ruwa kofi biyu ka narkar da siga cokali biyu a ciki, sigan ne ke hana ƙanƙarar yin tauri sosai, ya huce ka zuba a roba mai murfi ka sa a firiza ya kwana. Ka dafa zoɓo mai kauri da siga da 'yar citta har ya fara kama bayan cokali, ko tsamiya, ko ka markaɗa mangwaro lokacinshi ka tace, duk su yi sanyi kafin a zuba. Ka sa kwanukan ma a firiza. In lokaci yayi ka fito da ƙanƙarar ka barta minti goma har ta yi sheƙi ta fara gumi, sannan ka goga ta a magogin kuɓewa ta gefen ƙananan ƙofofi kai tsaye cikin kwano, ka riƙe ta da tsumma mai tsabta saboda yatsu, bulanda ma tana yi amma garas zata baka. Ka goga rabi ka zuba zoɓo ka ƙara goga rabi a kai ba tare da ka danna ba ka sake zubawa, madarar gwangwani a ƙarshe. In kana son na wake ka jiƙa jan wake ya kwana, ka tafasa ka zubar da ruwan farko, ka dafa har ya yi laushi yana murjewa tsakanin yatsu sannan ka sa siga da ɗan gishiri, in ka sa sigan tun wake bai nuna ba toh ba zai ƙara yin laushi ba. Ka tara yaran a zaune da cokulansu kafin ka fara gugar, don a zafin watan Afrilu kwanon baya kai minti uku.